Kundin aikin digirina na uku: lantarki a ƙeya da yadda hannu ke koyon gyara kuskure

Litinin, 15 ga Janairu, 2024

Takardar kwamitin ɗa'ar bincike ta fito yau, bayan ta kwana a hannunsu tun watan Oktoba. Sharaɗi biyu suka ƙara: mutum biyu su kasance a ɗaki duk lokacin da za a kunna na'urar maganaɗisu, kuma a tambayi kowane mai sa kai ko ya samu isasshen barci a daren jiya. Ba ni da ja a kan ko ɗaya.

Tunda hanya ta buɗe, bari in ajiye tambayar aikin a nan. Idan aka ratsa ƙwaƙwalwar ƙeya da lantarki mai rauni, miliamfiya 2, ta saman fata ba tare da tiyata ba, shin hannu zai fi saurin gyara kuskurensa? Ƙwaƙwalwar ƙeya ita ce ƙaramin ɓangaren nan da ke ƙasa ta baya. Nauyinta kusan kashi 10 ne cikin ɗari na ƙwaƙwalwa, amma kusan kashi 80 na ƙwayoyin jijiya a cikinta suke cushe. Tun zamanin David Marr a 1969 da James Albus a 1971 masana ke ganin ita ce mai karɓar labarin kuskure ta daidaita motsi na gaba. Wanda ciwo ya taɓa masa ita, in aka sa masa tabarau mai karkatar da gani aka ce ya yi jifa, sai ya yi ta ɓarar da jifan a wuri guda. Mai lafiya kuwa jifa kaɗan zai yi ya saita hannu.

A 2011 Joseph Galea da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa wannan lantarki mai rauni, wanda ake kira tDCS, a ƙeya yana hanzarta irin wannan koyo. A 2017 shi Galea ɗin, tare da Roya Jalali da Chris Miall a Birmingham, suka sake bin sawun abin a gwaje-gwaje bakwai, ba su samu sakamako tsayayye ba. Tsakanin waɗannan takardu biyu aikina yake. Zatona shi ne ba kowane kai ke barin wutar ta shiga daidai ba, kuma abin da ake kira saurin koyo ya haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba.

Alhamis, 18 ga Janairu

Na haɗa teburin gwaji. Mutum zai zauna da alƙalamin lantarki a hannu, yana zane a kan allon da ke kwance, an rufe hannun da katako don kada ya gan shi. Abin da yake gani a fuskar kwamfuta ɗigo ne da ke bin motsinsa, da wata da'ira da zai harba ɗigon ciki. Da farko ɗigon yana bin hannu sak. Can sai a juya shi da digiri 30 ba tare da an faɗa masa ba. Duk wanda ya taɓa hawa keken da kansa ya karkace bayan faɗuwa ya san abin: da fari kana nufin gaba keke na nufin kwata, jim kaɗan hannunka ya saba, ranar da mai gyara ya miƙe kan kuma sai ka ji kana karkata ɗaya gefen. Wannan karkata ta bayan an gyara ita ce shaidar cewa jiki ya koyi wani abu da kansa.

Na rubuta manhajar da PsychoPy. Tana aiki.

Talata, 23 ga Janairu

Yau ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta gwada ni a kan TMS, wato na'urar maganaɗisun nan, kafin ta sa hannu a takardar izinina. Na'urar nan Anthony Barker da abokansa suka fara nuna ta a Sheffield a 1985. Tamu kwayil ne, wato naɗaɗɗiyar waya, mai siffar lamba 8, a ɗora a kai, ya saki maganaɗisu na ƙasa da milisakan ɗaya, shi kuma ya tayar da lantarki a cikin ƙwaƙwalwar. In ka dace da wurin da ke ba hannu umarni, a gefen hagu don hannun dama, sai yatsa ya zabura da kansa. Muna manna 'yan faifai a tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuni don mu ga girman zaburar a kwamfuta.

Neman wurin shi ne aiki. Kwayil ya kwanta a kai, mariƙinsa ya kalli baya da digiri 45, ka matsa rabin santimita amsar ta ɓace. Daga nan sai a nemi mizanin mutum, wato mafi ƙarancin ƙarfin da zai fitar da amsar maikurobolt 50 a bugu 5 cikin 10. Kowa da nasa.

Abin da zan yi da ita shi ne ma'aunin da Yoshikazu Ugawa ya fito da shi a 1995. A bugi ƙeya, bayan milisakan 5 a bugi wurin hannu. In ƙwaƙwalwar ƙeya na yin aikinta na taka birki, zaburar yatsa za ta ragu. Da wannan zan gane ko lantarkin ya taɓa ta, in na auna kafin da bayan.

Juma'a, 26 ga Janairu

Wata ƙara ta cika layin tsoka, bugu 50 a sakan, daidai da wutar bango ta Ingila. Mun cire filogi ɗaya bayan ɗaya. Ashe cajar kwamfutar hannu ce da ke kusa da wayoyin. An kai ta ɗaya kusurwar, layi ya kwanta.

Laraba, 31 ga Janairu

Wani ɗan shekarar ƙarshe da ya zauna mini gwajin share fage ya ce ɗigon yana jan ƙafa. Ni ban ji ba, amma na auna. Na manna ƙaramar na'urar gano haske a kusurwar allon, na haɗa ta da 'yar ƙaramar kwamfutar Arduino, na kwatanta lokacin da alƙalami ya motsa da lokacin da allon ya nuna. Jinkirin ya kusa milisakan 80.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shigeru Kitazawa da abokansa sun nuna tun 1995 cewa in labarin kuskure ya makara fiye da milisakan 50, koyon jiki yana raguwa. Da na ci gaba a haka, da na raunana abin da nake son aunawa tun kafin in kunna wuta. Tsohon allon yana sabunta hoto sau 60 a sakan, kuma yana da wani gyaran hoto na cikin gida da ke ƙara jinkiri. Farfesa ya amince a sayi na 'yan wasan kwamfuta mai sau 144, fam 180. Na'urar hasken da wayoyinta fam 12, daga aljihuna.

Talata, 6 ga Fabrairu

Sabon allo ya zo. Jinkiri ya sauka ƙasa da milisakan 30.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Ranar nan ta tafi a kan gashi.

Tsarin da na gada daga takardu shi ne soso biyu jiƙe da ruwan gishiri, kowanne santimita 5 sau 5. Ɗaya a ƙeya, santimita 3 zuwa dama daga ƙullutun ƙashin nan da ake ji a bayan kai, domin ƙwaƙwalwar ƙeya ɓangarenta na dama ne ke kula da hannun dama. Ɗayan a kuncin dama. A kan Turawan da na gwada, minti biyar an gama.

Yau wata ɗalibar harhaɗa magunguna, 'yar Zariya, ta zo sa kai. Abokiyar aikina ce ta shiga da ita, ni na tsaya bayan labule har ta cire mayafi aka ɗaura aka mayar. Kitso ne a kanta, ƙanana, an shafa mai. Na'urar ta ƙi tashi, tana nuna turjiyar fata ta wuce iyaka. Soso na zaune a kan tudun kitso, bai taɓa fata ba, man kuma ya hana ruwa ratsawa. Aka ƙara ruwan gishiri, ya gangara wuya. Ƙarin ruwa ma ba mafita ba ce, don in gashi ya jiƙe ko'ina wutar za ta bazu ta inda ba a nufa ba, ba wanda zai iya cewa ga faɗin wurin da ta shiga.

Ta bayan labule ta ce, "Malam, ai da kun faɗa mini da ban yi sabon kitso ranar Lahadi ba."

Na ce, "Malama, ki yi haƙuri. Takardar cewa kawai ta yi a wanke kai kada a shafa komai."

Ta yi dariya ta ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa zama gaban mai kitso ba.

TMS ma bai tsira ba. Maganaɗisu yana raguwa da sauri in aka yi nisa. Mark Stokes da abokansa sun lissafa a 2005 cewa kowace milimita ɗaya ta ƙarin tazara tana buƙatar ƙarin ƙarfin na'ura kusan kashi 3 cikin ɗari. Kitso mai kaurin milimita huɗu ko biyar ya isa ya ɗaga mizanin mutum sama, har a rubuta cewa ƙwaƙwalwarsa ba ta saurin amsawa, alhali gashi ne ya tokare kwayil. Hanya mafi sauƙi da ɗakunan gwaji da yawa ke bi ita ce a sallami irin wannan mai sa kai a rubuta "an kasa ɗaura na'ura". Ni ba zan bi ta ba. Na baro sashen gashin ƙashi a Kano ne saboda masu shanyewar ɓarin jiki da nake gani kullum, kuma rabinsu mata ne masu kitso. In ilimin da za a tara bai shafi irin kawunansu ba, me na zo yi?

Maza ma da tasu. Soson kunci a kan mai saje da gemu ba ya kamawa. Na gwada a fuskata.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Na samu aikin wasu masu bincike a Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka, ƙarƙashin Arnelle Etienne da Pulkit Grover, kan auna wutar ƙwaƙwalwa a kan masu gashi irin namu. Dabararsu ita ce a yi kitson da tsagarsa za ta faɗo daidai inda za a ɗora na'ura. Mun ɗauki ra'ayin. Abokiyar aikina ta zana hoton kai ta nuna inda ake son tsaga, za a tura wa mai sa kai mako guda kafin ranarta. Mun kuma bar soso mun koma faifan roba da man Ten20, wanda ake cusawa har ya taɓa fata kuma ba ya gangara. Kwali ɗaya fam 35. Na roƙi a ƙara fam 15 ga duk wadda sai ta sake kitso saboda mu. Farfesa ya ce bai taɓa ganin wannan layi a kasafin bincike ba, amma ya sa hannu.

Juma'a, 16 ga Fabrairu

Gwaji uku na share fage, lafiya lau. An wanke faifai, an cika takardu.

Wani abu da na lura da shi a takardar tantance hannu ta Edinburgh, wadda Oldfield ya tsara a 1971. Tana tambayar da wane hannu kake rubutu, jifa, riƙe cokali, almakashi, buroshin haƙori, ƙyasta ashana da sauransu. Wani ɗan Katsina ya cika rubutu da cokali da dama, jifa da ashana da hagu. Da na tambaye shi ya ce shi bahago ne, a gida da makarantar allo aka mayar da shi dama. Mu mun san wannan labari, takardar ba ta san shi ba. Na ƙara tambaya ɗaya a ƙasa: ko an taɓa sauya maka hannu kana yaro?

Asabar, 24 ga Fabrairu

Ba gwaji. Na zauna lissafin kuɗi. Fam ɗaya ya haura naira 2,000 a kasuwar bayan fage, abin da ake turo mini daga gida ya zama rabin abin da yake bara. Na karɓi aikin duba ɗalibai a ɗakin gwaji ranar Laraba da yamma. Zai ci lokaci, amma haya ba ta jira.

Laraba, 28 ga Fabrairu

Bugun ƙeya da TMS yana da zafi, ba a ɓoye wannan. Kwayil ɗin da ake amfani da shi mai lanƙwasa ne don ya kai zurfi, kuma kafin ya kai ƙwaƙwalwa sai ya fizgi tsokar wuya da ta muƙamuƙi. Mutum biyu cikin waɗanda suka zo makon nan sun ce a dakata, aka dakata nan take. Kwayil ɗin kuma yana ɗaukar zafi ya kashe kansa a tsakiyar awo, sai a jira ya huce, lokacin kuwa tasirin lantarkin da ake son kamawa yana gushewa. Mun rage yawan bugu, muna kuma ajiye kwayil a kan jakar sanyi kafin a fara.

Sai batun na bogi. Ƙa'ida ita ce wasu ranaku a ba mutum wutar gaske ta minti 15, wasu ranaku a kunna ta sakan 30 ta mutu a hankali, don ya ji ƙaiƙayin farko ya ɗauka ana yi. Lambar sirri ake danna wa na'urar, ni ma ban san wacce ce wacce ba. Yau ɗan Katsinan nan yana tashi ya ce, "Malam, na wancan makon na bogi ne ko? Na yau har ƙarshe yana cizo." Kuma ko bai faɗa ba, jan da fatar Turawa ke yi a ƙarƙashin faifai yana tona asiri ga mai cirewa. Neil O'Connell da abokansa sun ba da rahoton wannan matsala a miliamfiya 2 tun 2012. Daga yau abokiyar aikina ce za ta ɗaura ta cire, ni ba zan ga fatar ba. Za mu kuma tambayi kowa a ƙarshe wacce yake zaton ya samu, mu rubuta.

Talata, 5 ga Maris

Hoton MRI na mutum shida na farko ya fito, na sa su a SimNIBS, manhajar da Axel Thielscher da mutanensa ke kula da ita a Denmak. Tana raba hoton kai zuwa fata, ƙashi, ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da ita ƙwaƙwalwar, ta ba kowanne gwargwadon yadda yake barin wuta ta wuce, sannan ta lissafa inda wutar za ta bi. Ruwan nan ya fi ƙoƙon kai saurin ɗaukar wuta fiye da sau ɗari, saboda haka siririn bambanci a kaurin ƙashi ko yawan ruwa yana sauya komai.

Hotuna biyu an yanke su a daidai leɓe, faifan kunci bai samu wurin zama ba. Na nemi masu ɗaukar hoto su riƙa sauka har wuya.

Sauran huɗun sun nuna abin da nake zato, har ma ya fi. Wuta ɗaya aka ba kowa a takarda, amma wadda ta isa ƙwaƙwalwar ƙeya ta wanda ya fi samu ta ninka ta wanda ya fi ƙaranci. Mai kaurin wuya, tsoka ta kwashe masa yawancinta. Dama abin da ke shiga ɗan kaɗan ne. Yu Huang da Lucas Parra sun auna a cikin kan masu farfaɗiya da aka dasa wa wayoyi, a 2017, suka ga a miliamfiya 2 bai kai bolt ɗaya a mita ba. Ƙungiyar György Buzsáki kuma ta nuna a 2018 cewa kusan kashi 75 na wutar fata da ƙashi ke cinye ta. To in haka ne, ba abin mamaki ba ne da Sarah Wiethoff da John Rothwell suka gwada mutum 53 a Landan a 2014 suka ga kusan rabinsu ba su nuna wani canji na a zo a gani ba.

Akwai abin da manhajar ba za ta warware mini ba. Ƙwaƙwalwar ƙeya a naɗe take ninki-ninki, sirara ƙwarai, hoton milimita ɗaya ba ya raba su. Ƙwayoyin Purkinje, wato manyan ƙwayoyin jijiyarta, da ke wannan gefen ninki suna kallon wutar ta gaba, na ɗaya gefen ta baya, don haka wuta ɗaya na iya zaburar da wasu ta kwantar da maƙwabtansu. Ƙarfin wuta kawai zan iya lissafawa da gaba gaɗi.

Litinin, 11 ga Maris

An tashi da azumi. Ƙa'idarmu ta ce mai sa kai ya zo ya ci abinci ya yi barci kamar kullum, domin rashin barci na cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin farfaɗiya a TMS, ko da yake haɗarin ƙanƙane ne. Mai tashi sahur ya koma aji bai cika wannan ba. Na ɗage duk masu azumi zuwa bayan salla. Watan nan na lissafi ne.

Alhamis, 21 ga Maris

Lissafin da nake dogaro da shi na Maurice Smith, Ali Ghazizadeh da Reza Shadmehr ne, na 2006. Sun ce koyon motsi malamai biyu ne ke yin sa a lokaci guda. Ɗaya mai sauri, yana ɗaukar kashi 21 cikin ɗari na kowane kuskure, amma kashi 59 kawai yake riƙewa zuwa yunƙuri na gaba. Ɗaya mai nawa, kashi 2 cikin ɗari yake ɗauka, amma yana riƙe kashi 99.2. Abin da hannu ya yi jimillar su biyun ne. Lambobi huɗu ke nan, kuma fatana shi ne in nuna wacce lantarkin ke taɓawa.

Kafin in zuba bayanan mutane, na ƙirƙiri na ƙarya. Na ba kwamfuta lambobi huɗu da na sani, ta yi gwajin kamar mutum, na zuba mata 'yar rawar hannu irin ta mutane, sannan na ce wa manhajar ta gano lambobin da aka fara da su. Ba ta iya ba. Layin da take zanawa yana bin bayanan tsaf, amma lambobin da take dawowa da su sun yi hannun riga da na asali. Saurin koyo ya hau, riƙewa ta sauka, layi ɗaya ya fito. Ma'ana da tsarin gwajin da ke hannuna, juyi ɗaya sannan a cire, zan iya samun bambanci tsakanin masu wutar gaske da na bogi wanda babu shi, ko in rasa wanda yake akwai, kuma hoton zai yi kyau a kowane hali.

Scott Albert da Shadmehr sun yi rubutu a kan wannan a 2018. Sun nuna hanyar da aka saba bi wajen daidaita layi tana ɓata, suka kawo wata da ke la'akari da rawar da ke taruwa daga yunƙuri zuwa yunƙuri. Na fara rubuta ta da Python. Amma gyaran lissafi kaɗai bai isa ba, sai gwajin kansa ya tilasta wa malaman biyu rabuwa.

Laraba, 27 ga Maris

Na gwada tsare-tsare daban-daban a kan mutanen ƙarya. Wanda ya fi shi ne na Smith na asali: a koyar da juyi zuwa gefe guda na dogon lokaci, a juya shi ɗaya gefen na ɗan gajeren lokaci har hannu ya dawo sifili, sannan a daina nuna kuskure. A nan hannu yakan koma wa koyon farko da kansa, domin mai sauri ya manta nasa, mai nawa yana nan riƙe. Da na ƙara hutun minti ɗaya a wurare biyu, lambobin mai nawa suka fara dawowa daidai. Na mai sauri har yanzu suna yawo.

Juma'a, 5 ga Afrilu

A wurin buɗa baki a masallaci wani dattijo ɗan Ghana, Bahaushen zango, ya ja ni gefe. Hannunsa na hagu ya shanye shekara biyu ke nan. An gaya masa ina da na'urar da ke tayar da jijiya.

"Ɗana, a sa ni a layi mana."

Na ce, "Baba, wallahi da magani ce da kai zan fara kira. Gwaji ne a kan masu lafiya, kuma ko a kansu ba mu tabbatar tana yin wani abu ba."

Bai ji daɗi ba. Na gaya masa abin da na sani. A 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da TMS don ciwon damuwa mai tsanani, wannan tabbas ne. A shanyewar jiki kuwa, babban gwajin NICHE da aka buga a 2018 ya haɗa TMS da atisayen hannu, sai masu na gaske da masu na bogi suka samu sauƙi daidai wa daida. Atisayen ne ya yi aikin. Na tambaye shi ko yana yin nasa, ya ce ya daina tun bara. Na duba hannun a nan kan tabarma, akwai sauran motsi a yatsu, wanda alama ce mai kyau. Na nuna masa abubuwa uku da zai riƙa yi da kofi da tawul, na ce ya koma wa likitansa ya nemi a sake tura shi gashin ƙashi. Ana sayar da irin waɗannan na'urori a intanet da alkawura manya, na roƙe shi kada ya saya.

Litinin, 15 ga Afrilu

An dawo daga salla. Na sake kallon bayanan share fage da idon lissafin watan jiya, sai na ga dalilin da ya sa mai sauri ke yawo. Wasu mutane suna gyarawa a hankali. Wasu kuwa yunƙuri huɗu ko biyar suna ɓata, na gaba sai su faɗa tsakiyar da'ira, kuma kafin su motsa sukan ɗan yi jim. Waɗannan gano dabarar suka yi, suka saita hannu gefe da gangan. 'Yar Zariyar nan ta faɗa da bakinta: "Ai na gane kun karkatar da shi, sai na riƙa nufar can."

Wannan tunani ne, ba aikin da ake jingina wa ƙwaƙwalwar ƙeya ba. Pietro Mazzoni da John Krakauer sun nuna a 2006 cewa abubuwan biyu ba sa jin maganar juna. Sun gaya wa mutane dabarar tun farko, suka dace nan take, amma da aka ci gaba sai hannunsu ya riƙa zarcewa, saboda jiki na can yana nasa gyaran bai san an riga an warware matsalar ba. A 2014 Jordan Taylor da Krakauer da Richard Ivry suka jera lambobi kewaye da da'irar, mutum ya faɗi inda zai nufa kafin ya motsa, a cire wannan daga inda hannu ya je, saura shi ne na jiki. In lantarki na taɓa na jiki kaɗai, kuma ƙungiya ɗaya ta dace da masu saurin gano dabara, to sakamako zai fito yau ya ɓace gobe. Ina ganin wani ɓangare na saɓanin 2011 da 2017 a nan yake.

Tambayar mutum inda zai nufa tana koya masa cewa akwai dabara, don haka ban so ta ba. Na fi karkata ga hanyar Ryan Morehead ta 2017: ɗigon yana tafiya a karkace ta hanya ɗaya ko ina hannu ya nufa, a gaya wa mutum gaskiya cewa ba ya bin hannunsa, ya yi banza da shi. Duk da haka hannu yakan zame a hankali zuwa ɗaya gefen, har digiri 15 zuwa 20, mai hannun bai sani ba. Dabara ba ta da amfani a nan, abin da ya rage na jiki ne zalla.

Laraba, 24 ga Afrilu

Zama da Farfesa, awa biyu. Shi yana son a riƙe tsarin 2011 yadda yake don a iya kwatantawa. Ni ina son na Morehead. An tsaya a kan yin duka biyun a zama ɗaya, na Morehead da farko a wasu da'irori, tsohon daga baya a wasu, kuma kowa sau ɗaya zai zo, domin wanda ya taɓa koyon juyin yakan fi sauri a karo na biyu. Ba na jin daɗin haɗa su, na farko zai iya shafar na biyu, amma ba mu da kuɗin ƙungiyoyi huɗu.

Mutum 60 muke nema, 30 wutar gaske, 30 na bogi. Ladan sa kai fam 10 a awa, awa ɗaya da rabi kowanne, fam 900. MRI ne ƙashin bayan kasafin: rabin awa fam 225, mutum 60 fam 13,500, abin da ya rage mana bai kai ba. Masu wutar gaske kaɗai za a ɗauka, fam 6,750. Amma in aka tura su hoto tun yanzu kowa ya san ƙungiyarsa, saboda haka sai an gama tattara bayanai an buɗe lambobin sirri sannan a kira su. Wasu za su gama karatu su bar gari kafin lokacin, shi ya sa zan fara da 'yan shekarar farko da ta biyu. Awon bugun ƙeya da TMS ya zama na wanda ya ga zai iya, ba dole ba.

Gobe zan aika wa kwamitin ɗa'a takardar gyara. Kafin su amsa zan rubuta hasashena da hanyar lissafi in ajiye a OSF, shafin intanet da masu bincike ke ajiye tsarin aikinsu, har da cewa girman zamewar hannu zai bi ƙarfin wutar da SimNIBS ta lissafa wa kowane kai. Man Ten20 saura rabin kwali, a saya kafin Mayu.